Igiyar Wutsiyar Jirgi

Origon, Amurka

Zuwa ga taubashina, sarkin ɗaure-ɗauren Takanamat,

Ina Gwaggo da sauran mutan gida? Yaya gero ya yi bana? Ka gaishe mini da tsohon babur ɗinka, in har 'yan gwangwan ba su riga sun ɗauke shi ba.

Ka aiko kana tambayar abin da nake yi ran hutu. Gyara zama, kada ka faɗo daga kan tabarma: jirgin sama muke haɗawa. Wani dattijo maƙwabcina ya sayi jirgi mai kujera biyu a cikin akwatuna daga kamfanin Van's Aircraft da ke garin Aurora, nan jiharmu. Yana harhaɗa shi a garejin gidansa, ni kuma ina kama masa. Dokar ƙasar ta yarda, muddin mai son abin ne ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, kuma jiragen kamfanin fiye da 10,000 sun riga sun tashi.

Yanzu muna kan igiyoyin wutsiya. A bayan jirgi akwai wani faifai a tsaye mai juyawa dama da hagu, igiyoyin ƙarfe biyu ne suke haɗa shi da fedojin da ke ƙarƙashin ƙafafun matuƙi. Ka taka dama, hancin jirgi ya yi dama. In aka harɗe su bisa kuskure, kai ka nufi Tawa, jirgi ya nufi Mali, wato in ya bar ka ka rabu da ƙasa lafiya.

Kaurin igiyar bai wuce milimita 3 da ɗoriya ba, amma silin waya 133 ne a cikinta: tufka 7, kowace da sili 19. Tana tasowa daga feda, ta bi gefen jirgi ta cikin hudojin haƙarƙarinsa, ta fito waje kusa da wutsiya cikin bututun roba. Kowace huda sai an sa mata zoben roba. Ka san yadda igiyar guga take sassaƙa itacen bakin rijiyarmu, ita ma tana tsinkewa sili-sili? To, haka igiya da gorar jirgi suke cin juna in suka haɗu tsirara. Shi ya sa ba a yarda zobe ya karkatar da ita fiye da digiri 3 ba. Kwanar da ta wuce haka sai a sa mata ƙaramar gargare. In za mu duba ta, tsumma muke bi da shi a jikinta. Duk inda ya maƙale, sili ya karye.

Na gaya wa dattijon cewa ina da ɗan'uwa da yake riƙe burkin babur da tsinken robar taya da “Allah ya kiyaye”. Ya ce in ka zo Amurka a ba ka shayi da kujera, amma a kulle garejin.

Ga abin da ya fi daɗaɗa mini rai. A Kaduna, cikin shekarun 1990, an harhaɗa jirage 60 masu suna Air Beetle don koyar da matuƙan sojan saman Nijeriya, kuma daga samfurin RV-6A na wannan kamfanin aka ɗauko su. Ashe aikin ya taɓa zuwa ƙasar Hausa. Yaron da ya iya kwance injin babur a kasuwar Tawa ya mayar, zai iya wannan, in aka koya masa awo da haƙuri, aka raba shi da “ai ya isa haka” irin taka.

Don haka na aiko wa babban ɗanka ma'auni da 'yan sifanoni ta hannun mai zuwa gida bayan salla. Nasa ne. Kai kuma kason da na ware maka kuɗin sabuwar wayar burki ne, ka saya ranar kasuwa, Gwaggo za ta duba ta gaya mini. Kuɗin shara kuwa ina bin ka na shekara da shekaru, ka fara tarawa.

Ka gaishe da Kawu da mutan majalisa.

Ni ne,
Ubangidanka na Origon