Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dutsen Dala

Ranka ya daɗe, Baba Dala,

A miƙa mini gaisuwa wurin maƙwabcinka Goron Dutse, da ɗan abin da masu ɗibar ƙasa suka rage mana na ganuwa. Bayan haka, ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara. Da yake duk faɗin birni babu wanda ya girme ka balle ya zauna mana alƙalanci, dole a gabanka zan shigar da ita.

Laifinka shi ne ka bar mu mun tashi muna tsammanin mun san dutse. Ɗan cikin birni in ya taka matakalarka 101 ya kai sama yana haki, ya hango hasumiyoyin Babban Masallaci da rumfunan Kasuwar Kurmi, shi ke nan ya gama da hawa a duniya. Littattafai sun ce tsayinka mita 534. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga bakin teku aka faro awon, tekun da kai ba ka taɓa gani ba. Ƙasar da kake zaune a kanta ita kanta ta ɗara teku da fiye da mita 450. In aka cire kason ƙasa, naka na kanka bai kai mita 100 ba. Ka san da wannan lissafi, amma ka yi shiru kana karɓar kirari.

Wanda ya tona asirin aminina ne, ɗan kasuwa a Kurmi, wanda daga nan zan kira shi Madugu, don shi ya naɗa wa kansa sarautar. Mutumin nan ya kamu da kallon tseren Dakar a wayarsa, tseren da aka fara daga Faris a ƙarshen 1978, wanda a da yake ratsa Agadas da hamadar Tenere, daga baya kuma aka kai shi Saudiyya a 2020. Daga nan ya koma kallon Turawa masu manyan baburan BMW da akwatunan ƙarfe a gefe, suna hawan duwatsun ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa ba. Wata rana bayan la'asar ya ce mini kakanninmu da jakai suka je Gwanja suka ɗauko goro, ba taswira ba waya, don haka abin kunya ne a ce jikokinsu ba su san komai ba sai lungun Yakasai da cunkoson Ƙofar Mata. Nan muka shirya tafiya. A ayarin fatake akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki. A namu ayarin, shi ya ɗauki ta farko, ya bar mini sauran biyun, ya haɗa mini da aikin jakin.

Kowa da mashin ɗinsa muka fita, shi Boxer ni tsohon Jincheng. Ka fi ni sanin dalili, tunda a kan idonka aka yi: a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin gari, adaidaita ta gaje titi. Mu kuwa masu bin doka ne, musamman in akwai mai kallo.

Daga Ƙofar Nasarawa muka ɗauki titin Zariya, muka wuce Kura da gonakin shinkafar da ruwan Tiga yake ciyarwa, muka karya a Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada. Duk wannan kwalta ce, ba abin labari. Dajin Falgore ne ya fara sa Madugu ya daina waƙa a cikin hular kwano. A zamanin da 'yan bindiga suka mai da babur dokin yaƙinsu, baƙi biyu a kan mashina ba abin sha'awa ba ne a wurin jami'in tsaro, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ya tsayar da mu ya tambayi inda za mu da abin da za mu sayo. Madugu ya ce ba sayayya, yawon buɗe ido ne. Jami'in ya dubi tankinmu, ya dube mu, ya tambaya ko labarin cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu, 2023 bai iso cikin birni ba. Ya ce mu wuce, Allah ya ba mu lafiya. Yadda ya faɗi lafiyar, ba ta jiki yake nufi ba.

Sai Riruwai, a Ƙaramar Hukumar Doguwa. Baba, a nan ne zancen yake. Duwatsun can sun haura mita 1,000, sun yi zobe sun kewaye gari, wani a bayan wani, har ido ya gaji. Babu wanda ya yi musu matakalar siminti, babu mai yi musu kirari, wasu ko suna ban ji an kira su da shi ba. Kuma a Jihar Kano suke, lambar motarsu irin tamu. Mun saba cewa ko da me ka zo an fi ka. To, a fannin dutse dai, an fi mu, kuma a cikin gida aka fi mu.

Bayan gari kwalta ta sallame mu. Abin da ya rage shi ne jar ƙasa da tsakuwa mai gudu a ƙarƙashin taya, da kwazazzabon da ruwan damina ya yanka a tsakiyar hanya, da hawan da in ka ɗaga kai ba ka ganin komai sai sama. A hawa na farko mai tsanani Madugu ya tsaya a tsakiya don ya canja giya, mashin ya fara komawa da baya, sarauta ta zube a cikin ƙura. Ni da nake dariya na damƙe birkin gaba a gangara, na bi sahunsa. Muna zaune muna duba gwiwoyi sai ga wani bawan Allah ya taho a kan mashin irin na Madugu sak, da buhun masara biyu a baya, da jarka a kan tanki, ƙafarsa silifas. Ya haye wurin da ya kayar da mu bai ko sauke ƙafa ba. Da ya kai sama ya kafe mashin ya dawo da ƙafa.

"Sannunku, Alhazai. Daga birni?"

Ba mu tambaye shi yadda ya gane ba. A tsaye a wurin ya ba mu karatun da babu shi a wayar Madugu. Ya ce mu rage iskar taya, don tayar da aka cika tam irin ta kwalta tsalle take a kan tsakuwa. Giya tun daga ƙasa ake zaɓenta, in an fara hawa ba a tsayawa shawara. A gangara a bar mashin a giya ta ɗaya inji ya riƙe shi, a taka birkin baya a hankali, na gaba kuwa a lallaɓa shi. Ido a kan inda ake son bi, don wanda ya ƙura wa rami ido ramin zai faɗa. In an zo rafi a sauka a auna shi da ƙafa tukuna, in an shiga kuma kada a saki totur, kada ruwa ya bi ta salansa. Ya tambaya ko muna da kayan faci da famfo da filogi na ajiya. Madugu ya nuna masa sandar ɗaukar hoto.

Na tambaye shi sau nawa yake bin hanyar. Ya yi dariya ya ce ai hanyar gidansu ce. Ta nan masara take fita, ta nan taki yake shiga, ta nan ake sauko da mai naƙuda cikin dare, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da ita a baya. In rafi ya cika, sai a jira ya sauka, ita ma ta jira. Ƙasar nan kuwa ba matalauciya ba ce. Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a Riruwai, tsofaffin ramukan na nan, har yau samari suna shiga neman rabonsu. Kuza ta san hanyar fita, kwalbati bai san hanyar shiga ba. Abin da mu muka ƙona mai muka je nema da sunan kasada, shi suke roƙon a raba su da shi.

Kada ka ce ban ji daɗi ba. Na ji. Iskar can sanyi gare ta, ruwa yana gangarowa daga kan dutse a wajen Zainabi, an ba mu rake da fura ba a karɓi ko kwabo ba, kuma na gane abokin tafiya ba a saninsa a majalisar ƙofar gida. Madugu mai ciniki a kan naira goma shi ya tura mashin ɗina zuwa wurin mai faci, yana zagina har muka isa.

To ga hukunci, tunda ba ka magana, mai ƙara da alƙali sun zama ɗaya. Rawaninka yana nan. A gindinka maƙera suka narka tama tun kafin a yi birni, a kanka Barbushe yake ganawa da Tsumburbura, ka ga zuwan Bagauda a 999, ka ga Gijimasu ya fara ganuwa, ka ga Rumfa ya kafa Kurmi, ka ga shigar Turawa a 1903. Girman shekaru naka ne, ba mai ja. Maganar tsayi kuwa a bar ta.

Tarar da zan ci ka guda ce. Daga inda kake tsaye kana hango Gidan Rumfa, kana hango gadojin sama da aka yi mana a wuraren da babu kogi. Duk mai mulkin da ya wuce ta gabanka, ka tuna masa Jihar Kano ba a Kwanar Ɗangora ta ƙare ba, kuma akwai rafuka a bayan Riruwai da kuɗin ƙafa ɗaya ta gadar sama zai ishe su kwalbati. Jikokinka na birni kuma da wannan labari zai motsa, ka ce su bari damina ta wuce, su ratsa Falgore da rana tsaka, su tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki kafin su shiga, su tafi da famfo.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Jagaba kuma uban dawakin ayari,
daga wata unguwa a gindinka.