Zuwa ga Taubashina, Sarkin Albasa

Laidin, ƙasar Holan, watan Afrilu

 Da fatan kana lafiya kamar yadda nake, in aka cire sanyi. Saƙon Gwaggo ya iso. Maganar filin nan a yi yadda Kawu ya ce. Barka da suna, Allah ya raya, ko da yake an ce jaririyar hancinka ta ɗauko, to Allah ya ba ta haƙuri. Aiki lafiya, takardu lafiya. Gyara zama, labarin yau ya shafi sana'arka.

Taubashi, na zo ƙasar da ake noman albasar da ba ta shiga miya. Tulif suke ce mata. In ka ga kanta da ɓawonta ja-ja da ɗan tsininta, sai ka rantse daga fangalinka aka tono ta. Wadda nake ba ka labari ma 'yar mitsitsiya ce, irin wadda dillali zai tsince daga buhunka ya watsar, ya kuma rage maka kuɗi. A nan kuwa cikin 'yar jaka mai hoto ake zuba ta, a ƙirga ɗaya-ɗaya, mutum da hankalinsa ya biya Yuro har ya yi godiya. Kada ka ce ba su san ta gaskiya ba. Suna noma ta, har su cika jiragen ruwa zuwa Dakar da Abijan. Wato da saninsu suke yi.

Maƙwabciyata ce ta jefa ni cikin harkar, wata tsohuwa sa'ar Inna. A watan Nuwamba, lokacin da magariba ke yi kafin biyar na yamma, ta ƙwanƙwasa min ƙofa ɗauke da tukunya da ƙullin albasar, ta ce barandata ce kaɗai tsirara a layinmu, abin yana damun unguwa. Ka ji laifi.

Sai karatu ya tashi. Dole tukunya ta kasance da huji a gindi, a cakuɗa ƙasar da yashi da tsakuwa, don in ruwa ya kwanta mata ruɓewa take yi. A binne ta zurfin tsawonta sau uku, kamar santimita 8 zuwa 10, tsinin yana kallon sama, kuma kada wata ta taɓa wata, ka ce kishiyoyi ne. A rufe da ragar waya saboda ɓera. A ba ta ruwa sau ɗaya, a tura ta waje. Na ce, “Mama, ba na shigo da ita ɗaki ba, kada sanyi ya kashe ta?” Ta dube ni kamar na zagi sarkinsu. Ashe sanyin ne abincinta. Sai ta sha mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai kai digiri 9 ba, in ba haka ba ta yi fushi ta ƙi fure. Masu son ta a ƙasashe masu zafi sai sun kwantar da ita a firji tukuna. Na san halinka, kada ka fara lissafi: da irin wutar garinmu, kafin mako guda ta zama taki.

Abin dariyar, ba ma tasu ba ce. Asalin yawancin tulif duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen Kazakistan, suka biyo ta hannun Turkawa. Wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, shi ya kawo su lambun jami'ar garin nan a 1593, kuma lambun yana nan, ina wucewa ta gefensa a keke. Daga nan hankalin mutane ya gushe. An kai lokacin da ake yi wa kai ɗaya, ɗaya tak, kuɗin gida a Amstadam, ana cinikin wadda ke cikin ƙasa ba a ma tono ta ba, har kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637. Da na ji haka na ce ashe kana da dangi a Turai. Ka tuna shekarar da ka kulle albasa a rumbu kana jiran ta yi tsada, har unguwa ta yi ƙaura saboda wari? Da a nan ne da an sa ka a littafin tarihi.

Har gobe ba su warke ba. Akwai wani lambu kusa da mu, Keukenhof, a garin Lisse, inda ake binne kusan miliyan 7 da hannu duk shekara, a buɗe shi kamar mako takwas, a rufe. Manoman gonaki kuwa, da fure ya buɗe ya yi kyau sai su sa inji ya fille masa kai, wai don ƙarfin ya koma ƙasa, kan albasar ya yi girma. An bar ci saboda fure, furen kuma an yanke.

Na taɓa tsokanar tsohuwar, na ce ko sau ɗaya ba wanda ya jefa ta a tukunyar miya? Sai fuskarta ta canza. Ta ce iyayenta sun ci, a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin Hitila, da yunwa ta kashe dubban mutane a yankin nan. Na bar wasan daga ranar.

Yanzu ga abin da ba na so ya fita daga bakinka. A watan Janairu, sanda za ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu, ni ɗan gidan manoma, da na idar da asuba sai in fita baranda da fitilar waya ina haska tukunyar da babu komai cikinta sai ƙasa. Har gaishe ta nake yi. Duk layin nan ita kaɗai nake yi wa Hausa, kuma ba ta taɓa cewa in maimaita ba. Ranar da ɗan kore ya ɓullo na rasa wanda zan gaya wa. Kai na kira, ba ka ɗauka ba.

To, ta yi fure. Sunanta na boko Tulipa tarda, tsawonta bai kai taƙi ba, furen rawaya da fari a baki-baki, kai ɗaya ya fid da furanni da yawa. Sai dai mulki gare ta: in rana ta fito ta buɗe, in gari ya lumshe ta rufe shago, a ƙasar da rana ke fitowa in ta ga dama. Wata biyar ana jira, biki kuma bai fi mako biyu ba. Bayan nan ma da sauran hidima. A tsinke furen da ya bushe, amma lawashin ba a taɓa shi sai ya yi rawaya da kansa, wajen mako shida, don da shi take tara guzurin baɗi. Daga nan a daina ban ruwa, ta huta a bushe. Ƙananan nan sun fi manyan amana, suna dawowa kowace shekara har su hayayyafa.

Kuma ka sani, tawa ta riga ta tsohuwar buɗewa. Da kanta ta tara maƙwabta suka tsaya a titi suna ɗaga kai. Na ce musu abin gado ne, duk zuriyarmu manoman albasa ne, har muna da sarkinta a gida. Na rufa maka asiri, ban kawo zancen rumbu ba.

Maganar kuɗin shara mu bar ta sai na zo. In an sami mai tahowa, a haɗo min yaji da kuka da daddawar Gwaggo. Ka gaida Inna, ka ce ina cin abinci. Kuma don Allah in ka ga kirana ka ɗauka, ko kana tsakiyar ban ruwa ne, ka sa wayar a aljihu in ji hayaniyarku.

Wassalam,
Taubashinka.