Injin da Ya Ƙi Zama

A shekarar 1996 wani Bature mai suna Ron Champion ya fitar da littafi a Ingila, ya yi wa magidanta alkawarin da ya hana matansu sakat: wai da fam 250 mutum zai iya ƙera motar tsere a garejin gidansa. Siffarta ta samo asali ne daga Lotus Seven, 'yar ƙaramar motar da Colin Chapman ya fito da ita a 1957, mai kujera biyu, ba ƙofa. Wadda ake ƙerawa a gida ana ce mata Locost. A yanka bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗin inci ɗaya, a yi walda a tayar da ƙashin mota, sannan a sayi tsohuwar Ford Escort a kwashe kayan cikinta a zuba.

Littafin ya faɗa hannun kawuna, Bakano mazaunin Birmingham, daidai lokacin da ya yi ritaya. Ni kuwa da na je karatu, aka naɗa ni sarkin riƙon tocila.

Kafin Kawu ya farga, Escort ta zama kayan tarihi, sai masu kuɗi. Don haka ya sayi Ford Sierra, irin wadda aka daina ƙerawa a 1993, mai injin Pinto lita biyu. Pinto dogo ne, ga nauyi, jikinsa zubin ƙarfe. Zanen littafi kuwa da ɗan ƙaramin injin Escort aka yi shi. Ma'ana, mazaunin da inji zai hau, babu shi a littafi, babu shi a kanti. Sai dai mutum ya ƙera abinsa.

Abin a ido ba ya da yawa: ƙafar ƙarfe a dama, wata a hagu, kowacce da curin roba, sai ta uku a ƙarƙashin giyabos. Amma aiki uku ke kansu. Su ɗauki nauyin inji, su riƙe shi sa'ad da aka taka totur ya nemi murɗawa gefe, su kuma shanye girgizarsa, domin inji mai silinda huɗu a jere ba ya rabuwa da karkarwa.

"Wannan ai aikin kafin la'asar ne," in ji Kawu.

Ya rataye inji a ƙugiya, yana lilo, ya auna da ido, ya yanko ƙarfe mai kaurin da zai riƙe gada, ya narka masa walda ciki da waje. Inji ya zauna daram. Aka kawo bonet za a rufe, sai ya tsaya a kan inji yana reto, gaba a sama. Kawu ya sare, ya sauko da inji ƙasa. Bonet ya rufu lafiya, amma kaskon baƙin mai ya kusa sumbatar siminti. Na tura tocila ƙarƙashi, na ce, "Kawu, ko kwalin ashana aka ajiye a titi, motar nan ba za ta haye shi ba." Ya ce in riƙe tocila in riƙe bakina. Daga baya ya gano cewa masu sa Pinto a irin wannan mota kan rage zurfin kaskon da bututun da ke zuƙo mai, wasu kuma su yi wa bonet ƙusumbi.

Sai ya zo da sabuwar fatawa, cewa roba kayan ragwaye ce, motocin tsere ƙarfe da ƙarfe ake ɗaure su. Gaskiya ne wasu na yin haka, sai dai direbobinsu ba su je neman jin daɗi ba. Ranar da aka tayar da inji, sifanoni suka dinga sauka daga kan benci ɗaya bayan ɗaya, kofin shayinsa ya kama hanyar ƙofa, shi kuma yana zaune a kujera tabarau na rawa a karan hanci, yana cewa, "Ka-ka-ka ji lafiyar inji?"

Roba ta dawo. Amma don kada awo ya kuskure, Kawu ya ɗaure ta a jikin ƙarfen, ya kama walda a haka. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gareji, ya bi ta ƙofar kicin, na'urar gobara ta fasa ihu. Matarsa Hajiya ta fito da ludayi a hannu.

"Alhaji, mota kake ƙerawa ko ƙona gidan za ka yi mu huta?"

Ihun nan ne ya jawo maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ya yi aiki a masana'antar motoci ta Longbridge kafin ta durƙushe a 2005. Ya dubi tarin ƙarafan da aka sare, bai ce uffan ba. Ya koma gida ya dawo da kwalin hatsin karin kumallo da almakashi.

Tsarinsa mai sauƙi ne. A sauke inji daga ƙugiya a ɗora shi kan katakai, a yi ta gyara har bakin giyabos ya dubi difaransha, don kada farfela ta yi aiki a karkace ta cinye mahaɗanta. A ɗaura duk abin da zai yi maƙwabtaka da ƙafafun: sandar sitiyari, salansa, kik, filtar mai. Sai a yanka kwali a gwada, in bai yi ba a yar a yanka wani. In ya yi, a zana shi kan ƙarfe mai kaurin milimita huɗu ko biyar, a ɗiga walda kaɗan, a gwada, a cire roba, sannan a yi ta gaske. A kuma ɗaga inji sama kaɗan, don roba takan lotsa in nauyi ya hau ta. Ya ce a nemi robar Land Rover, mai araha, wadda masu Locost da yawa ke amfani da ita.

Kawu ya bi komai, ban da abu guda. Filtar tana cikin kwalinta sabuwa fil, ya ce ba zai sa mata ƙura ba. Mazauni ya fito tsaf, aka yi masa baƙin fenti, inji ya tashi yana gurnani a natse. Da aka zo ɗaura filta, ƙafar ƙarfen ta tare mata hanya da kamar faɗin yatsa. Bature ya cire hula ya sosa kai. Hajiya ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, injiniya."

Yanzu duk ranar canjin mai, sai an kwance noti an ɗaga inji da jak. Kawu ya ce da gangan ya yi, maganin ɓarayin filta. Motar ba za ta hau titi ba sai ta ci gwajin IVA, wanda Birtaniya ke yi wa motocin ƙirar gida tun 2009, inda ake duba har kaifin gefen ƙarfe, ƙarar salansa kuma kada ta wuce desibel 99. Salansar ce aikinsa na gaba, kuma Hajiya ta riga ta sa an toshe ƙofar da ke tsakanin gareji da kicin.