Yadda Za Ka Sayi Kayan Sallah a Waya Ba Tare da Ka Yi Idi da Hoto Ba

Mutumin Bagudo ba baƙon ciniki ba ne. Wanda ya taso yana cin kasuwar Tsamiya da ta Lolo, yana tsallakawa Malanbil ya yi taya da sefa, ya dawo gida ya lissafa da naira, ba a koya masa neman ragi, kuma "albarka" ba ta korarsa. Amma miƙa wa wannan gwanin waya azumi yana da goma, a nuno masa shadda tana ƙyalli an rubuta "ragin kashi 70 cikin ɗari", sai ka ga duk wayonsa ya bi ruwan Kwara. Wanda zai kwashe rabin sa'a yana jayayya a kan dala biyar, shi ne zai tura dubu arba'in ga mutumin da bai taɓa ganin ko inuwarsa ba. Shi nake wa magana, da Hajiyar gidansa da ke cikin zaurukan WhatsApp na 'yan sari.

Akwai araha ta gaskiya a intanet, wannan babu musu. Tun 2012 da Jumia da Konga suka buɗe a Legas, aka zo kan Jiji da Temu da dubban mata masu talla a Facebook da TikTok, kaya na isa garuruwan da a da sai an yi tattaki zuwa Kano. Matsalar ita ce arahar da yaudarar inuwa ɗaya suke sha, kuma yaudarar ta fi iya kwalliya.

Fara da farashin nan da aka ja wa jan layi. An rubuta dubu sittin an soke, an sa dubu ashirin a ƙasa. Tambayi kanka: wa ya taɓa sayensa dubu sittin ɗin? Maganinsa mai sauƙi ne. Tun cikin Sha'aban ka ɗauki hoton farashin abin da kake so ka adana, idan guguwar ragi ta taso ka fito da shi ka gwada. Haka za ka yi a watan Nuwamba lokacin Black Friday, al'adar da aka aro daga Amurka, wadda ta iso mana daidai lokacin da aka yanki shinkafa aljihu ya yi nauyi. Shi kuwa agogon da ke ƙirga maka saura minti tara ragi ya ƙare, bar shi ya ƙare. Je ka yi alwala, ka yi asham, ka dawo. Sau da yawa za ka tarar ya sake farawa, ya fi ka haƙuri.

Yanzu ga inda ake kayar da mutanenmu: kuɗin mota. Farashin da ke kan waya farashin Legas ne ko na Kantin Kwari, ba na ƙofar gidanka ba. Kayan sai an kai su tasha, mai tura su ya karɓi nasa, direba ya karɓi nasa. A sauke a Birnin Kebbi ko Jega ko Koko, a sake sa su wata motar. In kana Kaoje ko Illo sai sun haye gadar Tuga, sannan ɗan acaɓa ya kawo maka yana cewa hanya ta ɓaci, a ƙara masa wani abu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane ɗaya daga cikin waɗannan hannuwa ya ƙara tsawo. Takalmin da ka gani dubu takwas, kafin ya taka ƙasar Bagudo ya zama na dubu goma sha biyar, alhali ga irinsa a rumfar maƙwabcinka da kuke sahu ɗaya a masallaci, wanda in ya matse ka gobe za ka mayar masa. Don haka kafin ka ce "na saya", ka ce "nawa ne har hannuna?" In kayan sun cancanci sayen, ku haɗu ku biyar ko shida ku yi oda ɗaya, kuɗin mota ya rabu. Nan ne ragin gaskiya yake ɓoye.

Kana da wata dama da mutumin Kano ba shi da ita: kasuwa biyu da kuɗi biyu. Kira ɗan'uwanka da ke Malanbil ko Segbana ka ji nawa turmin atamfar yake a can. Sai dai ka yi lissafin da canjin yau daga bakin ɗan canji. Sefa ɗaure take da yuro tun 1999, ita kuwa naira an sake ta a watan Yunin 2023 tana kiwo ba makiyayi, lissafin bara ba ya aiki bana.

Hoto kuwa ba shaida ba ne. Ka ga ragon layya a waya, ƙahonsa ya murɗe, ƙirjinsa ya cika fuskar wayar, sai ranar jajiberi mota ta tsaya yaro ya sauko da shi a ƙarƙashin hammata. Mai ɗaukar hoton kwanciya ya yi a ƙasa ya ɗauko shi daga ƙasan haɓa. Ka ce mai ragon ya kira ka ta bidiyo, ya tsaya kusa da ragon ka ga inda ya kawo masa, ya buɗe bakinsa ka ga haƙora, ya kora shi ka ga tafiyarsa. Hajiya, ke ma haka: mai kayan ta fito da atamfar tsakar gida cikin rana, ba ƙarƙashin farin ƙwan shago ba, ta warware ta ki ga yadi shida ne cif, ta juya bayanta, ta matso da rubutun bakin zanen. Kamfanin Vlisco na Holan ya fi shekara 170 yana buga atamfa, bai taɓa yin rana guda da zai sayar da ita a kuɗin 'yar roba ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan buƙata. Wadda ta ce kyamararta ta lalace amma lambar asusunta lafiya ƙalau, ki yi mata fatan alheri ki wuce.

Takalman yara, ku tuna dabarar iyayenmu ta auna ƙafa da tsinken tsintsiya. Ku auna, ku ɗora tsinken a kan awon tela, ku tura santimita, domin lambar Sin da ta Turai ba kullum suke jituwa ba. Waya kuwa, a danna *#06# a gabanka lambar da ta fito ta dace da ta jikin kwali. Man shafawa da kayan gyaran jiki a nemi lambar NAFDAC.

Batun biya ba wasa a ciki. Inda aka yarda ka biya bayan ka karɓa, zaɓi wannan ko da ya ɗan fi tsada. In dole sai ka tura, duba sunan da OPay ko Moniepoint ko bankinka ya nuno, ya dace da sunan mai kayan. Adana rasit da duk hirarku. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka damar mayar da kayan da suka saɓa da abin da aka tallata, hukumar FCCPC kuma tana karɓar ƙorafi, amma da shaida ake zuwa. Lambar sirrin da banki ke turo maka kuwa, ko surukinka ne ya nema ka ce masa sabis ya ɗauke.

Mu mutanen iyaka akwai tarkon da aka ɗinka daidai wuyanmu: saƙon "jami'in kwastan" mai gwanjon motoci da buhunan shinkafar da aka kama, a rabin kuɗi, ka fara tura na fom. Kai da ka ga rufe iyaka na 2019 da idonka, ka san yadda kaya ke shiga hannun kwastan da wuyar fitarsu. Hukumar kwastan tana yin gwanjonta ne ta shafinta na hukuma, kuma ta sha gargaɗin jama'a kan masu amfani da sunanta a Facebook.

Saura lokaci. Kayan da za su taso daga Sin makonni suke yi a hanya, tela kuma da azumi ya raba ya daina amsa sallama. Shaddar da ta iso ran ashirin da takwas ga wata ta babbar sallah ce, ko ka so ko ka ƙi. Ɗan'uwa, kayan yara dai ka yi odarsu kafin a ga watan Ramadan, ka biya tela rabin kuɗinsa tun da wuri, abin da bai iso ba zuwa goma ga wata ka shiga kasuwar Bagudo ka saye shi da hannunka.