Yadda Za Ka Zama Gwanin Jita-jitar Tseren Babura a Dogarawa

Kasuwar jita-jitar 'yan ƙwallo ta cika ta batse. Daga Kwangila zuwa Samaru babu teburin mai shayin da za ka zauna ba ka tarar da mutum uku da suka san inda Osimhen zai koma ba, kowanne da majiyarsa, kowanne da rantsuwarsa. In yanzu za ka shiga wannan harka ka makara, ko yaron da ke wanke kofi ya fi ka jari. Saboda haka ga shawara ga mai neman suna a majalisa da kuɗi kaɗan: ka koma tseren babura na duniya, wanda ake kira MotoGP. Fili ne fetal. A Dogarawa kowa ya san babur ciki da waje, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan mahayi irin Bagnaia, kuma mutumin da ba a sani ba ba a ƙaryata ka a kansa.

Kada ka wahalar da kanka da kallon tseren. Kallo ma yana ɓata gwani, domin wanda ya gani da idonsa sai ya riƙa shakka, kai kuwa shakka ce babbar abokiyar gabarka. Abin haddacewa bai taka kara ya karya ba. Mahaya 22 ne, ƙungiyoyi 11, kamfanoni biyar: Ducati da Aprilia na Italiya, Honda da Yamaha na Japan, sai KTM na Ostiriya. Kowane kamfani yana da ƙungiyarsa ta gida, wadda ke samun sabon babur da manyan injiniyoyi, sannan akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke karɓar babur daga hannun kamfanin, wani lokaci na bara. Kowane mahayi burinsa ya shiga ƙungiyar gida. Da yake kujerun 22 ne kacal, mutum ɗaya ya motsa sai biyar su tashi tsaye. Daga nan abincinka zai fito.

Ka nemi benci kusa da shagon bakanike, bayan sallar isha'i, lokacin da 'yan acaba suka fara dawowa suna ƙirga cinikin yini. Ka riƙe waya a hannun hagu, fuskarta na kallonka kai kaɗai. Ko data ta ƙare tun la'asar ba komai, hasken ake buƙata. Ka ɗan girgiza kai, ka ce “ikon Allah” a hankali, ka yi shiru. Wani zai tambaya. In ba wanda ya tambaya, ka sake girgiza kan, ka ƙara da tsaki.

Bakinka kuma ka koya masa taka-tsantsan. Gwani ba ya cewa wane zai koma wuri kaza. Cewa yake ana ƙishin-ƙishin, ko magana ta yi nisa, ko dillalinsa ya sauka a Bologna jiya da dare, Bologna kuwa can ne gidan Ducati. Kada ka ambaci rana. Kada ka kuskura ka ce wallahi, domin wannan sana'a ce da za ta iya jawo maka kaffara sau uku a mako. In an matsa maka da tambayar inda ka ji, ka ce wata majiya ce daga Italiya, ka kalli mai tambayar da tausayi.

Za a ce maka ai mu ba mu gane wannan tsere ba. To ka juya ga ɗan acaban da ke kusa da kai, ka tambaye shi babur ɗin wa yake ja. Zai ce na Alhaji ne. Ka tambaye shi balas nawa yake kaiwa, wa ke sayen taya, wa ke biyan bakanike in injin ya buga, kuma me ya raba shi da maigidansa na da. Kafin ya gama bayani ya riga ya karantar da majalisa duk abin da ake rigima a kai a Italiya da Sifaniya. Mai babur yana ganin babur ne ke kawo kuɗi, ko wa aka ɗora a kai. Yaro yana ganin hannunsa ne, kuma da zai sami sabuwar Boxer da an ga aiki. Bambancin kawai shi ne na can yana wuce kilomita 360 a awa, wato da hanya za ta yi kyau, tireloli su kauce daga mahaɗar Dogarawa, da ka isa Kano shayinka bai huce ba.

Wannan gardama ta babur ko mahayi ita ce rumbunka, kuma kana da labari biyu da za su ciyar da kai shekara guda. Na farko na Valentino Rossi ne. Ya ci kambu uku a jere a kan Honda, daga 2001 zuwa 2003, amma ya ga kamar kamfanin na ɗauka babur ne ke yin aikin. Sai ya tattara ya koma Yamaha, wadda rabonta da kambu tun 1992, ya kuma tafi da babban bakanikensa Jeremy Burgess. Honda ta hana shi ko taɓa sabon babur ɗin sai da kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen shekara. Tseren farko na 2004, a Welkom ta Afirka ta Kudu, shi ya zo na ɗaya, kuma ya ɗauke kambun shekarar. A nan sai ka dakata, ka kurɓi shayi, ka bar 'yan acaba su yi kabbara. Idan kuwa akwai mai babura a majalisar, kuma shi ke biyan kuɗin shayin, sai ka ƙarasa masa labarin: Rossin nan dai ya koma Ducati a 2011, ya shekara biyu bai ci tsere ko ɗaya ba, ya dawo Yamaha a 2013. Ka lura da wanda ke zaune kafin ka zaɓi inda za ka tsaya.

Na biyu na Marc Márquez ne, ɗan Sifaniya. Kambu shida ya ci wa Honda tsakanin 2013 da 2019. A 2020 ya karye a hannu a Jerez, aka yi ta yi masa tiyata har sau huɗu, ya dawo ya tarar babur ɗin ya zama doki mai tutsu, sai kayar da shi yake. A ƙarshen 2023 ya ajiye kwantiragin da saura shekara guda, da maƙudan kuɗin da ke cikinsa, ya koma ƙaramar ƙungiyar Gresini inda ƙanensa Álex yake, ya hau Ducati ta bara. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. A 2025 yana ƙungiyar gida ta Ducati, ya sake zama zakaran duniya, ƙanen nasa ya zo na biyu. In ka zo nan ka ce tun 2023 ka faɗa. Ba wanda zai tuna ba ka faɗa ba.

Inda sabon shiga ke faɗuwa shi ne ranar da zancensa ya ƙi faruwa. Sai ka ga ya daburce, yana kame-kame, har ya kai ga ba da haƙuri. Gwani ba ya haka, kuma abin da ya sami Jorge Martín ya isa ya zame maka garkuwa har abada. A farkon Yunin 2024, a makon tseren Mugello, manyan 'yan jaridar wannan harka sun gama shelar cewa Martín ne zai sami kujerar Ducati ta gida. Shi ne ke kan gaba a maki, ya kuma daɗe yana jira. Sai Márquez ya fito ya ce shi ba zai je Pramac ba, ƙungiyar da ake so a ajiye shi. Ducati ta ji tsoron ya kuɓuce mata ya tafi wani kamfani, ta juya. Ranar Litinin Martín ya rattaba hannu da Aprilia, bayan kwana biyu Ducati ta sanar da Márquez. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Martín ya ci gaba da jan Ducati ta Pramac har ƙarshen kaka, ya ci kambun duniya, ya ɗauki lamba ɗaya ya kai wa Aprilia. Ita ma Pramac ta bar Ducati ta koma Yamaha. A 2025 Martín ya yi ta faɗuwa yana karyewa, har da mummunan haɗari a Katar, a watan Mayu ya ce zai bar Aprilia a ƙarshen shekara, aka yi ta ambaton Honda, a watan Yuli ya ce yana nan daram.

To ka duba, mutumin da ya ce Martín zai je Ducati ya yi gaskiya ranar Asabar. Wanda ya ce zai bar Aprilia ya yi gaskiya a watan Mayu. Wanda ya ce ba inda zai je ya yi gaskiya a watan Yuli. Saboda haka duk ranar da aka tare ka da cewa zancenka bai tabbata ba, ka ce an riga an gama magana, a daren ne wasu suka shiga suka fita. Wannan amsa ba ta tsufa. 'Yan siyasarmu sun daɗe suna amfani da ita a kan tikitin takara, ba ta taɓa ba su kunya ba.

Lokaci-lokaci ka jefa babban dutse, ka ce akwai kamfanin da zai rufe shago gaba ɗaya. Za a yi maka dariya. Sai ka tuna musu Suzuki, wadda Joan Mir ya ci mata kambu a 2020, amma a watan Mayun 2022 labari ya fito cewa za ta fice a ƙarshen kaka. Ta fice ɗin kuwa, bayan Álex Rins ya ci mata tseren ƙarshe a Valencia. Kada dai ka jefa irin wannan fiye da sau ɗaya a wata.

Akwai kuma makamin da ya kamata ka ɓoye sai ranar da majalisa ta fara gundura da kai. KTM ta shiga matsalar bashi a ƙarshen 2024, har ta kai ga neman kariyar kotu. Wanda ya zo da kuɗi ya cece ta a 2025, ya kuma karɓi ragamarta, shi ne Bajaj na Indiya, wanda ke da hannun jari a cikinta tun 2007. Bajaj ɗin nan dai da ka sani, mai ƙera Boxer da Keke. Ka miƙe tsaye, ka nuna baburan da ke jere a bakin titi, ka shaida wa jama'a cewa kuɗinsu na cikin albashin mahayan KTM, Pedro Acosta da Brad Binder, don haka suna da haƙƙin a ji ta bakinsu kafin ɗayansu ya sauya sheƙa. Lissafin yana da rauni, amma ban ga wanda zai tsaya bincike ba alhali an gaya masa yana da ƙungiya a Turai. In kana son ƙarin magoya baya, ka ambaci Toprak Razgatlıoğlu na Turkiyya, zakaran wata gasar babura ta daban, wanda aka sanar a Yunin 2025 cewa zai shigo MotoGP da Pramac. Sunan zai ba ka wahala, ka tsaya a Toprak, ka faɗe shi kamar tare kuka yi makarantar allo.

Haja ba za ta yanke maka ba nan kusa. An ɗaura yawancin kwantiragin manyan mahaya zuwa ƙarshen 2026, kuma daga 2027 za a rage girman injin daga cc 1000 zuwa 850, a bar tayar Michelin a koma Pirelli. Ba wanda ya san kamfanin da sabon tsarin zai karɓa, har su masu kamfanonin. Mahayi zai sa hannu a kan babur ɗin da bai taɓa hawa ba. In masu abin ma lalube suke cikin duhu, ban ga dalilin da zai sa kai ka ji kunya ba.

Hatsari biyu ne a wannan sana'a. Na farko ɗalibin ABU da ke haya a unguwa, mai data ba iyaka, wanda zai zaro waya ya karanto maka akasin abin da ka faɗa. Kada ka yi gardama da shi. Ka ce “ɗan samari, wannan ai sanarwar kamfani ce, kai ka taɓa ganin kamfanin da ya faɗi gaskiya kafin a sa hannu?” Sannan ka tambaye shi yaushe ne jarrabawa. In ya nace, ka naɗa shi mataimakinka, ka riƙa cewa “kamar yadda yarona ya tabbatar.”

Na biyu ya fi muni. Wata rana wani ɗan acaba, wanda ya sha labarin Rossi har ya ratsa shi, zai je ya ajiye wa maigidansa makulli, ya ce hannunsa ne ke kawo kuɗi ba babur ba. Zai zaga Palladan, ya zaga Hanwa, ya leƙa PZ, ya tarar kowane mai babur yana da yara uku a layi. Maigidan zai tambayi wanda ya zuga yaron, kuma mai shayi ba ya riƙe sirrin wanda yake bi bashi. Saboda haka ka riƙa biyan kuɗin shayinka a kan kari, ka kuma tanadi wata majalisar a Samaru tun kafin buƙatarta ta taso. In can aka tambaye ka me ya raba ka da Dogarawa, ka ce kwantiragi ne ya ƙare, kuma an rabu cikin mutunta juna.