Kyamara Ɗaya, Kwas Bakwai

A ƙaramar jami'a labari ba ya jiran ɗan jarida. Idan aka sauke shugaban wani sashe da ƙarfe goma na safe, kafin goma da kwata mai shayin bakin ƙofa ya san wanda ya kai gulmarsa, ya san wanda zai gaje shi, har abin da uwargida ta ce da ta ji. Masu gadi sun sani, direban motar ɗalibai ya sani. Waɗanda za su ji daga ƙarshe su ne 'yan sashen koyon aikin jarida, domin a lokacin suna aji ana koya musu farautar labari.

Da yawansu ma ba nan suka nufa ba. Rabin aji lauya suka nema, makin JAMB ya karkato da su. Sauran kuwa tun suna yara wani maƙwabci ya ce muryarsu irin ta BBC ce, kuma Allah kaɗai ya san yaran da wannan magana ta ɗora a kan keken ɓera tun 1957 da tashar ta fara magana da Hausa. Zangon farko bai ƙare ba murya ta sauya. Ko garin kwaki yaro zai ara a ɗakin kwana, sai ya yi gyaran murya, ya ja numfashi, ya ce, "To jama'a." In ya je hutu, uban ya dube shi ya ce, "Yanzu kai shekara huɗu za ka yi kana koyon surutu? Gwaggonka ko firamare ba ta yi ba, amma wa ya isa ya ja da ita?"

Karatu kam ana yi, kada a ci haƙƙin malamai. Tashe ɗalibi cikin dare, zai gaya maka Henry Townsend ne ya kafa Iwe Irohin a Abeokuta a 1859, an fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Zai jero maka tambayoyi biyar na Harold Lasswell na 1948 ba gargada. Tambaya ɗaya ce ba zai iya ba: ya tsaya gaban magatakardan jami'a ya ce, "Ranka ya daɗe, ina kuɗin da muka biya na katin shaida?"

Sashen yana da kyamara. Guda ɗaya ce, tana cikin kabad a ofishin shugaban sashe, makullin yana aljihunsa, shi kuma yana wajen taro. Saboda haka malam yakan zana ta a allo, ya nuna inda ake dannawa. Ranar da tawagar hukumar kula da jami'o'i ta NUC za ta zo tantance kwasa-kwasai kuwa, sai a wayi gari situdiyo ta cika da fitilu da makirufo har da na'urar sanyaya ɗaki. Baƙi na juya baya, sai ga mai ɗaukar bidiyon biki na cikin gari ya zo da a-daidaita-sahu kwasar kayansa, yana da kamu da yamma. A 2020 hukumar ta NUC ta raba kwas ɗin gida bakwai: aikin jarida daban, watsa shirye-shirye daban, talla, hulɗa da jama'a, fim da sauransu. Manyan jami'o'i suka hau shiri. A nan kuwa kyamara ta zama mijin mace bakwai, ana rabon kwana a kanta, ita ko batir babu.

Amma ainihin darasin yana wajen jaridar gwaji da ake bugawa sau ɗaya a zango. Yarinya mai ƙwazo ta gano rijiyar burtsatsen da aka ƙaddamar bara a ɗakin kwanan mata ba ta taɓa kawo ko ɗigo ba. Ta ɗauki hoto, ta ji ta bakin ɗalibai, ta rubuta labari mai kyau. Malam ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "'Yata, kin san wa ya yi kwangilar nan?" Surukin shugaban kula da harkokin ɗalibai ne. Shugaban kuma shi ke koyar da darasin dole da za ta zauna wa jarrabawa mako mai zuwa, matarsa kuma aminiyar mahaifiyarta ce, tare suke adashi. Wani zaƙaƙuri a ajin ya tuna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ya rubuta takarda ya kai ofishin ma'aji. Amsa ba ta kai kwana bakwai ba. Kafin la'asar kawunsa ya bugo waya daga ƙauye: "Kai, karatu aka tura ka ko neman magana?"

Da jarida ta fito, ga kanun labarin: "An yi kira ga ɗalibai mata da su riƙa tattalin ruwa."

Kada kowa ya raina wannan horo. Ku kunna rediyo yau da yamma ku ƙirga: an yi kira, an buƙaci, an ja hankali, an yaba wa, an jinjina wa. Wanda ya yi kiran "ya bayyana hakan ne yayin da yake zantawa da manema labarai". Ni a ganina babu inda ake ƙwarewa a wannan fanni kamar inda kowa ɗan uwan kowa ne. Sauran ilimin ana cike shi a watannin koyon aiki, inda ɗalibi zai ga ambulan ɗinsa na farko bayan taron manema labarai. "Ga kuɗin mai," in ji mai rabo. Da ƙafa ya zo, amma ya karɓa, don kada a ce ba shi da ladabi.

Bayan digiri hanya ta rabu. Wani ya zama sanƙiran zamani a wuraren dina, muryar BBC ta samu aiki. Wani ya zama mai taimaka wa mai taimaka wa kansila kan kafafen sada zumunta. Wanda aka kora tun aji biyu ya buɗe shafi a Facebook, kullum "DA ƊUMI-ƊUMI", yanzu shi ke ɗaukar 'yan ajinsu aiki, ana biyansu da data.

Ita kuwa mai labarin rijiya ita ta fi kowa maki, don haka ita aka ba rubuta rahoton bikin yaye su. Cikin minti biyar ta gama: an yi kira ga ɗaliban da aka yaye da su zamo masu dogaro da kansu.