Sannunku da Adalci, Masu Manhaja

Kamfanonin manhaja sun cancanci jinjina, don sun gano abin da ya gagari magabata: yadda za a ɗora wa mutum laifin dukan gida, a biya shi mafi ƙanƙantar albashi, ya kuma yi godiya. Mai wannan babban rabo shi ne ma'aikacin sashen taimako, wanda ke ɗaga waya ko amsa saƙo duk lokacin da manhaja ta ƙi aiki.

Injiniya ya bar kuskure a manhaja ya tafi ya kwanta. Ɗan talla ya sayar da ita bisa alkawarin abin da ba ta iyawa, ya karɓi kamashonsa. Kwastoma ya fusata, sai zagin ya sauka a kunnen wata yarinya a Manila ko wani saurayi a Bangalo, waɗanda suka mai da darensu rana don su dace da agogon Amurka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma don kada yarinyar nan ta yi girman kai, ana ƙirga mata minti nawa ta ɓata a kowane kira, tikiti nawa ta rufe, tauraro nawa kwastoma ya ba ta. In ya ba da tauraro ɗaya saboda manhajar ce ta lalace, a takardarta ake rubutawa, wanda ya lalata kuwa ba ruwansa. Madalla da wannan hisabi!

Ƙarin girma ma ba a yi rowarsa ba. Akwai mataki na ɗaya, na biyu, har na uku. Wanda ya kai na uku ya san ciwon manhajar fiye da wasu da suka rubuta ta, saboda haka ne ma ake tausaya masa, ba a raba shi da inda ya ƙware. In ya nemi komawa cikin injiniyoyi, sai ya rubuta takarda kamar baƙo, a yi masa jarrabawa, a kuma nemi yardar maigidansa, mutumin da ya fi kowa asara in ya tafi. Kafin nan an ɗauko sabo daga waje da albashin da ya fi nasa, an ce ya koya masa aiki. Wace karramawa ta wuce wannan? Wanda aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila kuwa, an hutar da shi daga wahalar lissafin hannun jarin da ake raba wa ma'aikatan gida.

Sai kunya, wadda kamfanonin nan suka fi kowa. Suna so albashi ya zama sirri, kada zumunci ya ɓaci, ko da yake tun 1935 dokar ƙwadago ta Amurka ta ba ma'aikata damar tattauna abin da ake biyansu. Masu shisshigi ne suka ɓata lamarin: jihar Kolorado a 2021 da Kalifoniya a 2023 suka tilasta a rubuta iyakar albashi a tallan aiki, Tarayyar Turai ma ta kafa irin tata dokar a 2023. Dala miliyan 118 da Google ya amince ya biya a 2022, bayan ƙarar mata wajen 15,500 kan bambancin albashi, ai kyauta ce kawai, tunda bai amsa laifi ba.

Babbar sakayya ita ce ta ƙarshe. Shekara da shekaru ana sa mutanen nan su rubuta kowace matsala da maganinta a rumbun kamfani, yanzu ga ƙirƙirarriyar basira tana amsa kwastoma daga irin wannan rumbu. A 2025 Marc Benioff, shugaban Salesforce, ya faɗa da bakinsa cewa ya rage ma'aikatan taimako daga 9,000 zuwa kusan 5,000. Klarna ta ƙasar Suwidin ta yi alfahari a 2024 cewa na'urarta na aikin mutum 700. Da shekara ta zagayo, shugabanta ya yarda ingancin ya faɗi, ya ce a dawo da mutane, su riƙa aiki daga gida bisa tsari irin na direbobin Uber. Allah ya ƙara wa masu manhaja tausayi.